Buɗaɗɗen allo don bes: wane faɗi, wane zurfi zan ba kafinta?

Tambaya: Ina so in haɗa sifikar falo irin wadda ba ta da akwati, allo ne kawai bayansa a buɗe. Zan saka sifika mai inci 15 a kowane gefe don bes, falon kuma mita 4 ne da mita 5. Wani ya ce sai allon ya kai mita ɗaya a faɗi, wani ya ce in yi masa fukafukai ta baya. Wane awo zan ba kafinta?

Amsa: Malam, allo mai faɗin mita ɗaya zai yi aiki, amma ba ka buƙatarsa, kuma da wuya mutanen gida su yarda a kafa musu ƙyaure biyu a tsakiyar falo. Ga sifika mai inci 15, awo biyu ne suka fi dacewa da ɗaki irin naka. Ko dai miƙaƙƙen allo mai faɗin santimita 50 da tsayin 100 zuwa 110, da gajerun fukafukai na santimita 12 zuwa 15 ta baya, ko kuma firam mai siffar H, wato akwati marar gaba da baya mai allon sifika a tsakiya, wanda cikinsa 40 ne da 40, zurfinsa gaba ɗaya 40. Wanda za ka ɗauka ya danganta da irin sifikar da ke hannunka da kuma inda za ka yanke bes ɗin ka miƙa wa sifikar sama, wato mai fitar da murya da siririn sauti. Gara ka san inda waɗannan lambobi suka fito, don idan sifikarka ta bambanta ka iya gyara awon da kanka.

Idan takardar sifika, wato faifan nan da ke kaɗawa, ta turo gaba, tana matse iskar da ke gabanta, a daidai wannan lokaci kuma tana barin gurbi a bayanta. Aikin akwati shi ne ya tsare ta bayan kada ta haɗu da ta gaba. Da ka cire akwati, iskar da aka matse sai ta zagaya gefen allo ta cike gurbin, sautin ya soke kansa. Haka mafici yake: kana kaɗa iska mai yawa amma ba ka jin wani amo, domin iskar tana zamewa ta gefe. Siririn sauti ba ya shan wannan wahala, saboda kafin iska ta gama zagayawa takardar ta riga ta juya. Bes ne ke shan ta. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka a 50 Hz, wato kaɗawa 50 a daƙiƙa, tsawon zango, wato nisan da sauti ke ci a kaɗawa ɗaya, ya kusa mita 7. Allon rabin mita ba komai ba ne a gaban wannan.

Saboda haka awo ɗaya ne ke mulkin komai, kuma ba faɗin allo ba ne kai tsaye. Shi ne ƙarin tafiyar da sautin baya zai yi kafin ya riski na gaba a hanyarsu ta zuwa kunnenka. Mu kira shi D, a auna shi da mita. Marigayi Siegfried Linkwitz, injiniyan da ya zurfafa bincike a kan irin wannan sifika, ya rage lissafin zuwa lambobi uku. Ka raba 57 da D, ka sami inda buɗaɗɗen allo ke ba da ƙarfi daidai da rufaffen akwati. Daga nan zuwa ƙasa, duk lokacin da adadin Hz ya ragu da rabi, sai ka yi asarar desibel 6, wato dB 6 a ma'aunin ƙarfin sauti. Ka raba 172 da D, ka sami tudun farko, inda sautin baya ke ƙara wa na gaba har dB 6. Ka raba 343 da D, ka sami ramin farko, inda suke sake soke juna. Idan D santimita 30 ne, daidaito na kusa da 190 Hz, tudu a 570 Hz. Idan 40 ne, 143 Hz da 430 Hz. Idan 60 ne, 95 Hz da 286 Hz. Zafin falo a watan Afrilu yana ɗaga gudun sauti zuwa kamar mita 352, bambancin bai kai kashi 3 cikin ɗari ba, kada ya dame ka.

A allo zagayayye mai sifika a tsakiya, D shi ne nisan tsakiya zuwa baki. Wannan ce siffa mafi muni, domin duk hanyoyin tsawonsu ɗaya, tudu da rami sai su fito da kaifi. A allo mai kusurwa huɗu da ke zaune a ƙasa, hanyoyin sun bambanta: ta gefe gajeru ne, ta sama doguwa, ta ƙasa kuwa daɓe ya toshe ta. Allo mai 50 da 105 wanda sifikarsa ke kusa da ƙasa, D ɗinsa na aiki yana tsakanin santimita 30 da 35 kafin a sa fukafukai. Gajerun hanyoyin gefe su ne ke jan lissafin ƙasa, shi ya sa ƙara tsayi ba ya kawo bes kamar yadda ido ke zato.

Yanzu ka duba abin da faɗi ke saya maka. Daga santimita 50 zuwa 60, ribar dB ɗaya da rabi ce, da ƙyar kunne zai lura. Sai ka ninka D sau biyu kafin ka sami dB 6. Ita wannan dB 6 ɗin, sifika ta biyu a kan allo ɗaya za ta ba ka ita ba tare da ka ƙara ko santimita ɗaya a faɗi ba. Komawa daga inci 15 zuwa 18, idan tafiyar takardarsu ɗaya ce, yana ba da kusan dB 3. Don haka idan bes ya gaza, tambayar farko ita ce iska nawa sifikar ke iya turawa, faɗin katako na zuwa daga baya.

A nan ne yawancin masu haɗa irin wannan sifika suke karaya, don haka bari mu yi lissafin da gaske. A rufaffen akwati, idan kana so ka sauka daga 60 Hz zuwa 30 Hz da ƙarfi ɗaya, takarda za ta yi tafiya ninki huɗu. A buɗaɗɗen allo ninki takwas ne, saboda asarar zagayawa ta hau kan waccan. Ɗauki sifika mai inci 15 ta Eminence Alpha 15A, wadda mai binciken haɗa sifika Martin King ya sa ta yi suna a wannan fanni. Faɗin fuskar takardarta, Sd, kusan murabba'in santimita 856 ne, tafiyarta mai tsabta, Xmax, milimita 3.8 gaba da 3.8 baya. Ka ninka su, iskar da take turawa kusan sulusin lita ce. A kan allo mai D na santimita 40, zaune a ƙasa, iyakar abin da za ta bayar a nisan mita ɗaya kamar dB 98 ne a 50 Hz, dB 92 a 40 Hz, dB 85 a 30 Hz. Kana zaune a nisan mita 3, ka rasa kusan dB 9 da rabi, sifikar ɗaya gefen ta maido maka da 6. Abin da zai iso kujerarka ke nan kamar 94, 88 da 81. Ga sauraron waƙa a falo, 94 a 50 Hz ya wadatar ƙwarai. Amma 81 a 30 Hz ba abin a zo a gani ba ne, tunda kunnen ɗan Adam sai sauti ya kai kusan dB 60 kafin ma ya fara jin 30 Hz. Da sifika ɗaya mai inci 15 a kowane gefe, ka sa burinka a 45 zuwa 50 Hz. Kana son 35 Hz da ƙarfi, sai biyu-biyu, ko masu Xmax na milimita 8 zuwa sama. Idan kuwa aikin biki ne ko filin taro, ka bar wannan tsari kwata-kwata ka koma akwati. Buɗaɗɗen allo kayan ɗaki ne.

Lamba ta biyu da za ka sani game da sifikarka ita ce Qts, wadda ke nuna yadda take kumbura ko take kwantawa a daidai Fs, wato inda takarda ke kaɗawa da kanta. Sifika mai Qts 0.35 ta riga ta faɗi dB 9 a Fs tun kafin allo ya ci nasa rabon. Mai 0.7 ta faɗi dB 3. Alpha 15A, mai Fs 41 Hz da Qts 1.26, tana tashi ne da dB 2 a wurin, sai wannan kumburi ya cike wani ɓangare na asarar allo. Tazarar dB 11 ke nan tsakanin sifika biyu masu girma ɗaya a kan katako ɗaya, kuma babu faɗin allon da zai rufe ta. Matsalar kasuwanninmu ita ce mafi yawan inci 15 da ake samu na masu kiɗan biki ne, an yi su don akwati mai rami, da katon maganaɗisu da Qts ƙasa da 0.4. Abin mamaki, mai araha mai ƙaramin maganaɗisu sau da yawa ta fi dacewa da buɗaɗɗen allo, domin raunin maganaɗisu ne ke ɗaga Qts.

Idan babu takardar bayani a kwalin, ko akwai amma ba ka yarda da ita ba, ka auna. Ka auna juriyar koyil ɗin sifikar da maltimita, wannan Re ke nan. Ka rataye ta a sarari nesa da bango, ka jona ta da amfilifaya ta cikin rizisto da ka san darajarsa, ka riƙa ba ta sauti guda-guda daga waya ko kwamfuta kana lissafa juriyarta. Inda juriyar ta kai ƙololuwa shi ne Fs. Ka raba ƙololuwar da Re, ka kira amsar r. Ka nemo wurare biyu, ɗaya ƙasa da Fs ɗaya sama, inda juriyar ta yi daidai da Re sau tushen murabba'in r. Ka ninka Fs da tushen r, ka raba da tazarar da ke tsakanin wuraren biyu, ka sami wata lamba da ake kira Qms. Ka raba Qms da r, Qts ta fito. Manhajar REW, wadda kyauta ce, tana yin wannan duka cikin ɗan lokaci idan kana da kwamfuta. Sabuwar sifika takan yi tauri, ka bar ta ta yi wasu sa'o'i tana kaɗawa a hankali kafin awo.

Abin da ka samu shi zai raba maka hanya. Qts daga 0.8 zuwa 1.3, da Fs tsakanin 35 da 45 Hz, za ta yi aiki da amfilifaya ɗaya da kurosoba, wato abin da ke raba sauti tsakanin sifikar bes da ta sama, na koyil da kafasita. Qts ƙasa da 0.6 tana buƙatar amfilifayarta daban da na'urar gyaran sauti da za ta ɗaga ƙasan. Sifikun bes na mota, masu nauyin takarda da doguwar tafiya, suna cikin wannan rukuni na biyu: suna tura iska da yawa amma suna cin wuta.

Sai maganar fukafukai, wadda abokinka ya yi gaskiya a kanta, amma rabin gaskiya. Naɗe allo hanya ce ta tsawaita D ba tare da faɗaɗa fuska ba. Idan fukafukan na baya ne kaɗai, siffar U ke nan. Sautin baya zai bi tsawon fiffike ya fita, sannan ya sake bin sa ya dawo gaba, kowane santimita ɗaya na zurfi yana ba da kusan biyu a D. Idan allon sifikar na tsakiya, bango ya fito gaba da baya daidai wa daida, siffar H ke nan, D kuma aƙalla zurfin firam ɗin gaba ɗaya ne, a aikace ma ya ɗan fi haka. Sai dai duk lokacin da ka kewaye sifika da bango ka yi bututu, bututu kuma yana da rurinsa. Rurin na faruwa inda zurfin ramin ya yi daidai da rubu'in tsawon zango, kuma iskar da ke bakin ramin tana ƙara masa tsawo da kusan sulusin faɗin bakin. Ga baki mai 40 da 40, ƙarin kamar santimita 13 ne. Rami mai zurfin 19, ka ƙara 13, ya zama 32. Ka ninka da huɗu ka raba 343 da shi, ruri na wajen 265 Hz. Ka zurfafa ramin zuwa 40, ruri ya sauko kusa da 160 Hz, daidai cikin kaurin muryar namiji da jikin ganga. Wannan shi ne dalilin da ya sa mutum zai ƙara fukafukai, ya ji bes ya ƙaru ya yi murna, bayan kwana biyu ya lura kowace murya tana fitowa kamar daga hanci.

Ƙa'idar da za ka riƙe: ruri ya kasance aƙalla ninki biyu na inda ka yanke bes. Firam H mai ruri a 265 Hz, ka yanke shi a 120 zuwa 130 Hz da gangara mai tsauri, dB 24 ga kowane ninkin Hz, ko aƙalla 12. Idan sifikarka ta sama ƙarama ce, ba ta iya saukowa ƙasa da 250 ko 300 Hz, to firam H bai dace da kai ba. Ka tsaya a kan miƙaƙƙen allo da fukafukan da ba su wuce santimita 15 ba, ka bar samansu a buɗe, ka yanke su a karkace, faɗi a ƙasa siriri a sama, don kada rurin ya taru a wuri ɗaya. Tsakanin U da H masu D ɗaya, na fi son H. Gabansa da bayansa iri ɗaya ne, don haka sautin yana mutuwa sosai ta gefe kamar yadda ake so, U kuwa mai zurfi sai an cusa masa auduga ko soso an yi ta gwaji kafin ya daidaita.

Ga awon H don kafinta, da filawud mai kaurin milimita 18. Sama da ƙasa, guda biyu, 43.6 da 40. Gefe biyu, 40 da 40. Allon tsakiya guda biyu, 40 da 40, a manne su da gam su zama ɗaya mai kaurin milimita 36, a kafa shi daidai tsakiyar zurfin, ramin gaba da na baya kowanne ya tashi kamar santimita 18. Firam biyu guntaye 12 ke nan, falle ɗaya mai 122 da 244 ya isa har da saura. Ramin sifika mai inci 15 yawanci kusan santimita 35 ne, amma kada a yanka sai an auna ta hannunka. Ka auna bakin ƙarfenta na waje ma, domin wasu sun kusa santimita 40, sai ka mayar da cikin firam 42. Sifika biyu a gefe ɗaya, ka ninka tsayin ciki zuwa 80 ka bar zurfi yadda yake. Ka sa kafinta ya fere bakin ramin ta baya a karkace, saboda katako mai milimita 36 yana toshe tagogin bayan sifika, iska ta riƙa shaƙewa.

Miƙaƙƙen allon kuwa, 50 da 105, shi ma a ninka kaurinsa. Tsakiyar sifikar bes ta kasance kamar santimita 24 zuwa 26 daga ƙasa, ta sama kuma a tsayin kunnen mai zaune, 90 zuwa 95. Ita ta saman ce za ka kauce da ita daga tsakiya da santimita 4 ko 5 don hanyoyinta na hagu da dama su bambanta. Ta bes ba ta damu da wannan ba, zangonta ya fi ƙarfin irin wannan ɗan bambanci. Wani dalilin da ya sa ba na ba da shawarar wuce 50 ko 55 shi ne ita wannan ta saman. Allo mai faɗi yana sauko da tudu da rami cikin tsakiyar murya, Linkwitz ma a sifikarsa LX521 ya raba su ne gaba ɗaya, bes a firam nasa a ƙasa, na sama a kan siririn allo.

Kada ka ɗora allon a kan dogayen ƙafafu. Tazarar santimita 5 a ƙarƙashinsa ta buɗe wa iska gajeriyar hanya daidai inda sifikar bes take, ribar daɓe ta tafi. Ya zauna a ƙasa, da siririn roba ko kafet a tsakani. Haka nan a sa soso ko roba tsakanin bakin sifika da katako, a cike duk wata kafa tsakanin allo da fiffike. Ƙafar da ke riƙe shi ta miƙa baya aƙalla santimita 35 zuwa 40, da tokari daga bayan allo zuwa ƙafar. Dalili shi ne takarda mai nauyin kusan giram 60, tana cikakkiyar tafiya a 50 Hz, tana tura allon da ƙarfin da ya kai nauyin kilo biyu, gaba da baya, sau 50 a daƙiƙa. Allo marar nauyi zai riƙa lilo, lilon kuma kishiyar motsin takarda ne, yana rage bes yana ƙara ƙara. Buhun yashi ko bulo a kan ƙafar yana maganin wannan. Kamfanin Wharfedale na Ingila tun a shekarun 1950 ya yi buɗaɗɗen allo mai yashi a tsakanin katakai biyu saboda wannan matsala ta girgiza. MDF, wato katakon garin itace da aka matse, ya fi filawud mutuwar amo, amma yana kumbura idan ya sha danshin damina ko ruwan goge daɓe, sai an shafe bakunansa da fenti sosai.

Wajen daidaita sautin, idan hanyar koyil ka bi, dabarar ita ce a danne saman don ya yi daidai da ƙasan. Allo yana sa sauti hawa dB 6 ga kowane ninki, babban koyil a jere da sifika yana sa shi sauka dB 6, sai su tashi a miƙe. Koyil mai milihenri 10, ma'aunin girman koyil ke nan, a kan sifika mai juriyar om 8 yana fara aiki wajen 125 Hz. Wannan mafari ne kawai, domin juriyar sifika ba ta tsaya wuri ɗaya ba, sai an gwada an saurara. Abin da za ka biya shi ne ƙarfi: sifikar da aka rubuta mata dB 97, bayan an daidaita ta, ainihin abin da take bayarwa 88 zuwa 90 ne. Ka nemi ta sama mai irin wannan ƙarfi, in ba haka ba za ta danne bes, ka ɗora laifin a kan allo. Idan hanyar na'urar gyara ka bi, ka tuna ɗaga dB 6 wuta ninki huɗu ce, dB 12 ninki goma sha shida, kuma galibi Xmax ce za ta ƙare kafin amfilifaya. Ko ta wace hanya, ka sa matatar da za ta yanke abin da ke ƙasa da 30 zuwa 35 Hz. A akwati, iskar ciki tana riƙe takarda. A nan babu abin da ke riƙe ta, sai ka ga tana fiffika da ƙarfi ba tare da wani sauti ba, har koyil ɗinta ya bugi gindi. Fina-finai masu fashe-fashe su ne suka fi kashe irin wannan sifika.

Falonka shi ne awo na ƙarshe, kuma yana iya rushe duk na baya. Sautin da ke fita ta baya ƙarfinsa ɗaya da na gaba, a juye. Idan allon na jingine da bango, wannan sauti zai dawo nan take ya soke na gaba, bes ya ɓace. Ka bar aƙalla mita ɗaya tsakanin allo da bangon bayansa. A wannan nisa, dawowar sautin tana ƙara ƙarfi wajen 86 Hz tana ragewa wajen 172 Hz, kuma matsar da shi da santimita 20 yana sauya waɗannan wurare, don haka a gwada. Bangon gefe kuwa ba shi da wannan illa, rabin mita ya isa, tunda ta gefe sautin a mace yake. Wannan mutuwar gefe ita ce babbar ribar tsarin a ɗakunanmu na siminti da tayil, inda akwati ke sa falo ya yi ta gunji: ga ƙarfi ɗaya a gaba, buɗaɗɗen allo sulusin abin da akwati ke zubawa cikin ɗaki kawai yake zubawa. Ka jera su su fuskanci tsawon ɗakin, wato ɓangaren mita 5. Mafi ƙasan amon da wannan tsawo ke tallafawa shi ne 343 a raba da 10, kusan 34 Hz, ƙasa da haka buɗaɗɗen allo ba ya iya matse iskar ɗaki kamar yadda rufaffen akwati ke yi. Idan ka cire mita ɗaya na baya, ka zauna mita 3 daga sifika, saura mita ɗaya a bayanka, falon ya isa daidai. Idan kujeru da hanyar wucewa ba za su bari ka sami wannan mita ɗaya ba, gara ka sani tun kafin ka sayi katako.

Kafin ka biya kuɗin filawud mai kyau, ka yi gwaji da tsohon katako a gefe ɗaya. Ka yanka allo 50 da 105, ka ɗaura sifika, ka yanko fukafukai na kwali mai kauri masu zurfin 10, 15 da 25, ka riƙa manna su da salatif kana saurare kana aunawa. Kwali ba zai ba ka ingancin sauti ba, amma zai nuna maka inda ruri ke shigowa. Wajen awo, kada ka kafa makirfo dab da takarda, a nan ba ya ganin sokewar, zai nuna maka bes ɗin da ba zai taɓa isowa kujera ba. Ka auna a nisan mita ɗaya zuwa biyu, in da hali a tsakar gida da makirfo kwance a ƙasa, sannan ka sake aunawa a inda kake zama. Ruri kuwa a bakin ramin firam ake ganinsa sarai. Idan sifika biyu ka sa a allo ɗaya, ka taɓa wayoyinsu da batir mai volt 1.5 ka tabbatar duk takardun gaba suke turowa tare. Idan ka juya ɗaya maganaɗisunta na kallon gaba, wanda ke rage wani nau'in gurɓatar sauti, sai ka juya wayoyinta ma. Biyu masu om 8 a haɗe gefe da gefe sun koma om 4, ka duba ko amfilifayarka ta yarda da haka. Daga ƙarshe ka ja siririn yadi mai barin iska ta wuce a bayan firam ɗin, saboda ƙurar hunturu da yatsun yara, amma kada ya yi kaurin bargo, don zai rage sautin baya ya canza duk lissafin D.